Kula ko kwano mai wuta a ƙasa: wanne ya dace da taron shan ruwa?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da ladan niyya. Kin tambayi wane mazubin abinci za ki saya don taron shan ruwa na azumi da za ki yi a gida. Tsakanin kuloli masu riƙe zafi da kwanukan nan na ƙarfe da ake kunna wa wuta a ƙarƙashi, irin na otal, ki sayi kuloli. Ina da duka biyun, kuma in dai don mutum 40 ɗin da za ki tara shan ruwa a gida ne, ban ga abin da zai kai kuɗinki wajen mai wuta ba.

Ki duba yadda lokacin yake tafiya. A walima mutane jefi-jefi suke zuwa, wannan ya ci ya tashi, wancan ya shigo. Shan ruwa kuwa kowa ladan yake jira, kuma da an kira salla babu jinkiri. Hadisin Sahlu ɗan Sa'adu da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna mutane ba za su gushe cikin alheri ba matuƙar suna gaggauta buɗa-baki. Anas ɗan Maliku kuma ya ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan buɗa baki kafin ya yi salla, da ɗanyen dabino, in babu sai busasshe, in babu sai ya kurɓi ruwa. Yawancin masu tara mutane haka suke bi: dabino da ruwa da ɗan abu mara nauyi, a tashi a yi Magariba, sannan a dawo kan abinci mai nauyi. Ke nan abincinki zai yi jira sau biyu. Na farko daga lokacin da kika sauke tukunya zuwa faɗuwar rana, don ba za ki so kiran salla ya same ki a gaban murhu ba. Na biyu lokacin da kowa ya shiga sahu, ba wanda ya rage a wajen abinci. Sai kuma masu makara, waɗanda hanya ta riƙe ko suka ce sai sun idar da asham. Abin da kike buƙata shi ne mazubin da za ki rufe ki manta da shi, ki je ki yi alwala, ki zauna ki yi addu'arki a wannan ɗan lokaci mai tsada, ba wanda zai sa ki riƙa leƙe ba.

Kula ba ta ƙara wa abinci zafi, riƙe wanda ya shigo da shi take yi. Bango biyu gare ta, tsakaninsu an cusa soso mai tauri da ke hana zafi fita, sai murfi mai kamawa gam. Shi ya sa yadda kika yi amfani da ita ya kai ingancinta muhimmanci. Kafin ki zuba abinci, ki tafasa ruwa ki zuba ciki ki rufe kamar minti 10, ki zubar, ki goge, sannan ki juye abincin kai tsaye daga kan wuta yana tururi. Ki cika ta har kusa da baki, don kula rabi ta fi saurin hucewa. Kuma kada a buɗe sai lokacin ci. Wannan leƙen da ake yi don a ga ko ya isa, shi ke tafiya da zafin.

Kulolina sun yi mini ranar da ba zan manta ba. Wata shekara na tara maƙwabta da dangin maigida, mun shimfiɗa tabarmi a waje, an jera dabino da ruwa, saura ɗan kaɗan a sha ruwa sai hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Nan take aka hau naɗe tabarmi. 'Yan mata biyu suka riƙa kama kowace kula ta hannayenta suna shigar da ita ciki da gudu, ko ɗigon miya bai zuba ba. Aka sha ruwa a tsaitsaye, aka yi salla, aka sake shimfiɗa, duk wannan ya ci lokaci. Da na murɗe murfin ta shinkafa, tururi ya bugi fuskata, cikin murfin duk ya jiƙe da gumi yana ɗiga. Surukata ta kai hannu ta janye da sauri, ta ce a ba ta cokali. Bayan Isha'i wani dattijo cikin dangi ya iso jiƙe da ruwa, na buɗe masa ƙaramar da na ware ban taɓa ba, ya ci abinci mai zafi kamar yanzu aka sauke. Addu'ar da ya yi mana a daren nan har yau ina jin daɗinta. Da wuta ce a ƙarƙashin kwanukan, da ruwan zafi a cikinsu, ban san yadda za a ɗauke su cikin wannan iskar ba tare da wani ya ƙone ba.

Masu wutar kuwa suna da kyau a ido, ban hana su wannan ba. Nawa suna can saman kabad, sai in wani ya zo aro.

Aikinsu ne yake da yawa. Kwano biyu ne a haɗe, na ƙasa na ruwa, na sama na abinci, wutar tana dumama ruwan, tururinsa yana riƙe abincin. Dole ki fara da ruwan zafi da abinci mai zafi, don wutar ba ta da ƙarfin dumama abin da ya huce. Wutar daga gwangwanin mai take fitowa: wanda mansa yake da kauri kamar man shafawa yakan yi kusan awa 2, mai lagwani yana iya kaiwa awa 6, kuma babban kwano yakan ci gwangwani biyu a lokaci guda, kullum sai an sayi sabo. Sai an sami tebur tsayayye. Iska tana kashe wutar, ruwan ƙasa yana ƙafewa, harshen wutar shuɗi ne da ba a cika ganinsa da haske ba. Yanzu ki haɗa wannan da gida cike da yara, da mata masu dogayen hijabai suna sunkuyawa zuba abinci, da lokacin da manya duka suka kabbarta salla. Wa zai tsaya gadi? Wuri ɗaya ne masu wuta suka fi kula: in za a yi ta buɗewa ana rufewa tsawon sa'o'i, kamar a babban ɗakin taro mai ma'aikatan da ke tsaye a kai, to wutar tana mayar da zafin da ya fita, kula kuwa ba ta iyawa. In kin taɓa samun irin wannan taron, ki yi haya na rana ɗaya.

Maganar zafin nan ba ta daɗin baki kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki, a riƙe mai zafi sama da digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, mai sanyi kuma ƙasa da digiri 5. Tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. Shinkafa ta fi kowa shiga wannan hatsari, saboda akwai ƙwayar cutar da ake kira Bacillus cereus wadda irinta ba ya mutuwa da dahuwa. In shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma sake dumamawa ba ya kashe wannan gubar. Mutumin da ya wuni da azumi, gobe ma zai tashi da wani, bai kamata ya bar gidanki da amai da gudawa ba. Don haka kada ki dafa tun azahar ki ce ai kula za ta riƙe. Ki tsara yadda za a sauke abinci mai nauyi saura kamar awa ɗaya a sha ruwa. In kin buɗe kula kika ga babu tururi, abincin ya koma ɗumi kawai, ki mayar da shi kan wuta ya yi zafi sosai in bai daɗe ba, in ya daɗe kuwa ki haƙura da shi.

Kada ki sayi ƙatuwa guda ɗaya. Matsakaita da yawa sun fi: na ɓangaren maza, na ɓangaren mata, da ƙarama ta masu makara wadda ba za a taɓa ba. Ƙatuwa in ta cika ba mai iya ɗaga ta, layi kuma zai taru a kanta, murfi a buɗe har na ƙarshe ya zo ya tarar ta huce. Miya da kularta daban, mai murfin da ke kullewa. Aibin kula da na sani shi ne soyayyen abu: in kika rufe shi ciki, guminsa zai sa ya yi laushi. Shi ki soya a ƙarshe, ki zuba a faranti ki rufa masa tsumma mai tsabta, ya tafi tare da dabino. Ruwan sha da kayan marmari su ma ki ba su kula guda da ƙanƙara, amma kada ki zuba abin sha a wadda ta saba ɗaukar miya, ƙamshin yakan kama roba.

Sai ki yi hattara da masu sayarwa, musamman lokacin da azumi ya ƙarato kowa na neman kayan nan. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, akwai kuma waɗanda ba ruwansu. Lita da aka rubuta a jikin kwali ba kullum take zama gaskiya ba, wasu da faɗin waje suke aunawa. In za su yarda, ki auna da gorar ruwa da kika san yawanta, in ba su yarda ba ki auna da kin isa gida tun ba ki yar da rasit ba. Ki ɗaga murfin ki ƙwanƙwasa shi. In kika ji shi fayau kamar ganga, babu komai a cikinsa, kuma ta murfi zafi ya fi fita. Ki duba robar da ke zagaye da bakin, ki murɗa maƙullan ki ga ko suna kamawa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na ruwan zafi: ki zuba, ki rufe, bayan rabin awa ki taɓa jikin ta waje. In ya yi zafi a hannunki, to zafin abincinki ne zai riƙa fita haka, ki mayar musu.

In cikinta na ƙarfe ne, wanda aka fi so don abinci shi ne mai lamba 304, wato mai sinadarin kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari. Akwai mai lamba 201 da aka rage wa nikel, ya fi arha, kuma ya fi saurin yin tabon tsatsa in ya daɗe da gishiri da tsami. A ido ba ki bambanta su, kuma ana buga 304 a jikin wanda ba shi ba. Wani zai ɗauko maganaɗiso ya manna ya ce kin gani bai kama ba, na asali ne. Wannan ba hujja ba ce, domin 201 ma bai cika kama maganaɗiso ba. Gara ki saya wajen wanda zai yarda ki dawo da kaya. In cikin na roba ne, ki juya ƙasan ki nemi lamba 5 a cikin ɗan alwatika, ita ce robar da ke jure zafi, kuma in kika shinshina kika ji wari mai hawa kai ki ajiye. Wanda aka nuna miki shi za a sa miki a kwali a gabanki, don musanya a bayan kanta ba sabon abu ba ne. Masu saye ta intanet kuma, hoto ba ya nuna girma, ki sa a faɗa miki tsawo da faɗi da zurfin ciki a rubuce kafin ki tura ko sisi.

Dabinon ma ki ɓare guda biyu ko uku ki duba ciki kafin ki sayi kwali, don ana shafa wa tsoho mai ko ruwan sukari ya yi sheƙi alhali ƙwari sun gama da cikinsa.

Abu na ƙarshe, ki tanadi robobi masu murfi tun kafin ranar. Mai azumi idonsa ya fi cikinsa, abinci zai rage, kuma bai kamata ya kwana a kula ba. Da an tashi tafiya asham ki sa a rarraba ragowar tun da zafinsa, a miƙa wa maƙwabta da mabuƙata, wanda za ki ajiye don sahur ki baza shi a mazubi mara zurfi ya huce da wuri ya shiga firiji. Kulolin a wanke su a daren, a bar su a buɗe su sha iska. Allah ya karɓa, ya sa a yi taro lafiya.