Kariya: iri za ka saya, reshe, ko wadda ta riga ta tashi a leda?

Masu tambaya wace fulawa ce za ta jure zafin Sakkwato ko Damagaram ba tare da ana bin ta da bokiti kullum ba, ni dai kariya nake cewa. Tamu ce ta Sahel, ruwa take ɓoyewa a gindinta, shi ya sa za ka gan ta tsakiyar rani ganye ya zube amma fure ja-ja ya rufe ta. To amma wacce za ka saya?

In dai wannan gindin mai ƙiba kake so, iri za ka nema. Wadda aka dasa daga reshe tana saurin fure, ga araha, wani lokaci ma maƙwabci ne zai yanko maka kyauta, ka bar shi a inuwa ƴan kwanaki bakin yankan ya bushe sannan ka kafa, sai dai gindinta ba ya kumbura kamar na iri, siririya take tashi.

Matsalar iri ɗaya ce, ba ya jimawa. Sabo a lokacin zafi cikin sati ɗaya zuwa kwana 10 ya tsiro, wanda ya yi watanni a shago kuwa rabi ma ka gode Allah. Don haka ka tambayi mai lambu yaushe aka cire shi, ka ɗan matsa ƙwayar da yatsa, in ka ji fanko ce ka bar masa kayansa. Mafi kyau ma ka samu mai bishiyar, kwanson yana fitowa biyu kamar ƙaho, a ɗaure shi da zare kafin ya fashe don ƙwayoyin irin gashi gare su, iska na zuwa ta kwashe. Su kuma masu talla a intanet da hoton kariya shuɗiya ko mai kala bakwai, don Allah kar ka tura kuɗinka, kuma ko uwar mai kyau ce iri ba lallai ya kawo kalarta ba.

Mai son fure ninki-ninki irin na Tailan sai dai ya sayi wadda aka yi wa aure, wato aka haɗa reshen wata a kan gindin wata, ta fi tsada, ka duba wurin haɗin ya warke, ka taɓa gindin ka ji tauri, in ya yi laushi ruɓa ta fara.

Shuka kuma a bari hunturu ya wuce, Maris ko Afrilu, yashi da ɗan taki a tukunyar ƙasa mai huji, a kwantar da irin a rufe sama-sama. Ruwan Agusta ne ke kashe ta ba fari ba, a janye tukunyar ƙarƙashin rumfa. Kuma ruwan jikinta guba ne, har dafin kibiya ake yi da shi, gidan da ke da yara ƙanana ko awaki a ɗora ta inda ba za su kai ba, a wanke hannu bayan an yanka.