DDJ-FLX4 ko kwantirola mai yawan fitilu

Ɗan'uwa, tsakanin DDJ-FLX4 ta kamfanin Pioneer DJ, wato kwantirolar da DJ ke jonawa da kwamfuta don haɗa kiɗa, da waccan kwantirola mai araha mai fitilu kala-kala da ka nuna mana, FLX4 za ka ɗauka, kuma dalilina yana cikin yadda aka tsara fuskarta.

Mai haɗa kiɗan rawa na lantarki, irin hawus na Shikago da tekno na Ditiroit, yana aiki ne cikin duhu da hayaƙi, hedifon a kunne ɗaya, saboda haka yatsunsa ne suke neman maɓalli tun kafin idonsa ya kai wurin. Technics ta fito da na'urar juya faifan garmaho SL-1200 MK2 a 1979 da sandar saurin kiɗa a gefen dama, sannan Pioneer ta kawo CDJ-1000, na'urar kunna faifan CD ta DJ, a 2001 da babban faifai da ake juyawa da hannu kamar faifan garmaho, daga nan wannan tsari ya zama abin da ake tararwa a yawancin gidajen rawa. Maɓallin kunnawa kore ne, na komawa wurin farawa ruwan lemu ne, dukansu a ƙasa ta hagu, sandar sauri kuma tana dama a ɓangarorin biyu, wato na'urar hagu da ta dama.

DDJ-400 ta 2018, wadda FLX4 ta gaje ta a 2022, ita ce tawa, kuma a kan wannan tsarin aka gina su duka biyun. Ranar da aka fara ba ni dama na hau manyan CDJ a wani taro, gabana yana ta faɗuwa, amma da na miƙa hannu sai na tarar da kowane maɓalli a inda na saba samunsa a ɗakina, har na haɗa waƙoƙi uku ban sunkuya na duba ba. Har yau ina jin daɗin tuna wannan daren.

Irin ɗayar kuwa na taɓa saye, tana da kyau a hoto, amma maɓallanta ƙanana ne masu launi ɗaya, kuma an juya ɓangaren hagu ya zama kishiyar na dama, sai hannu ya riƙa rikicewa.

Ka yi hattara da masu sayar da ta hannu, domin wasunsu suna goge jikinta su rantse sabuwa ce dal. Kada ka biya ko sisi sai an jona ta da kwamfuta a gabanka, ka ga rekordbox, manhajar da take aiki da ita, ta gane ta, ka ja kowace sanda daga sama zuwa ƙasa kana sauraron ko akwai ƙaraf-ƙaraf a sautin, sannan ka karɓi rasit.