Nafkin ɗin wanki mai maɓalli: wata 14 muna tare, ga yadda muka kwashe

Tun ina da cikin wata bakwai na fara lissafin pampas, saboda a lokacin aikin maigida ya tsaya, ni kuma ɗan abin da nake samu ko rabin wata ba ya kai mu. Wata rana da daddare na ɗau biro na juya bayan kwalin maganin ƙarin jini na hau bugawa. Jariri sabon haihuwa yana ɓata kamar 8 zuwa 12 a rana, in kika ja abin shekara guda sai ki ga kin doshi 2,500 ko ma 3,000, kuma duk abu ne da za ki saya da kuɗinki ki kai shara da hannunki. Wallahi na daɗe ina kallon lambar nan. Washegari na yi odar nafkin ɗin wanki guda 20 ta intanet, irin mai aljihu ɗin nan, ban yi shawara da kowa ba, wanda shi ne kuskurena na farko amma za mu zo wajen.

Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, siffarsa sak pampas, sai dai na yadi ne. Bayansa an shafe shi da wata leda siririya da ake ce wa PUL, ita ke hana fitsari fitowa waje, cikinsa kuma yadi ne mai laushi da ba ya riƙe lema. Tsakanin su biyun akwai aljihu ta baya, nan ake cusa tsumman da ke shanye fitsarin. A gaba akwai maɓallai jere-jere, wasu na rage tsawo wasu na matse ƙugu, wai yaro na girma kina saki. Kowanne ya zo da tsumma ɗaya na maikirofaiba, wani yadi mai laushi kamar tawul. Kaloli kam ba a magana, ranar da suka iso na baje su kan gado ina ta ɗaukar hoto kamar wadda aka kawo wa gwal.

Mai sayarwa ya rubuta wai daga ranar haihuwa har yaro ya fara zama a fo. Wannan magana ba gaskiya ba ce, in ma gaskiya ce to ba ga 'yata ba. An haife ta da kilo 2.9, cinyoyin nan kamar tsinke, na matse maɓallin ƙarshe amma yatsuna biyu suna shigewa ta gefen cinya ba tare da sun taɓa komai ba, ga shi ya haye har kan cibiya, alhali cibiyar nan so ake iska ta dinga samunta har ta bushe ta faɗi, wanda yakan ɗauki sati ɗaya zuwa uku. Sannan ga kashin farko ɗin nan baƙi mai danƙo kamar kwalta, sau ɗaya na gwada wanke shi daga jikin yadin na ce a'a, ba da ni ba. Dole muka koma pampas na wajen sati bakwai, sai da ta kai kusan kilo 4 da rabi sannan nafkin ɗin ya zauna mata. Na tura wa mai kayan saƙo na ce ya kamata ya gyara rubutunsa, ya buɗe ya karanta, har yau shiru. To kinga duk wadda take tunanin ta sayi wannan ta huta da pampas tun daga asibiti, ta ware kuɗin wata biyun farko daban. Kuma ma ko ya zauna, mace mai ɗanyen jiki, ba barci, ga nono na zuba, ba lokacin da za ta tsaya kan bokiti ba ne.

Da muka fara amfani da shi sosai, sati biyun farko lafiya lau. Sai yoyo ya fara. Ranar da abin ya fi ba ni kunya Yaya ce ta zo duba mu, yayar maigida, ta ɗora yarinyar a cinya tana mata wasa, ko minti goma ba a yi ba na ga ta ɗan ɗaga ta tana duba zaninta. Ta ce, “Maman Baby, anya wannan abin naku na zamani yana riƙe ruwa kuwa?” Na ce, “Yaya yi haƙuri, yanzun nan fa na sa mata.” Na karɓe ta na shiga ɗaki na zaro tsumman, abin mamaki rabinsa a bushe ƙayau. Wato fitsarin bai ma shiga ba, ta gefe ya gangare. Na kai shi bakin famfo na ɗiga masa ruwa, sai ga ruwan ya dunƙule ƙwallo-ƙwallo yana gangarewa kamar an zuba a bayan agwagwa. Ashe ni na jawo. Ruwan ƙamshin nan da ake zubawa a ɗauraya don kaya su yi laushi nake ta zuba musu, ni a dole ina so kayan 'yata su yi ƙamshi, shi kuma aikinsa ke nan ya lulluɓe zaren da wani maiƙo, tsumma ya daina sha. Ga basilin da nake lafta mata a ɗuwawu, shi ma duk ya bi ya toshe yadin ciki. Sai da na wanke su da ruwan zafi da omo zalla sau uku a jere kafin su dawo hayyacinsu. Babu ko layi ɗaya a jikin ledar da suka zo ciki da ya ce kar a yi haka, wannan kam laifin masu kayan ne, ba nawa ni kaɗai ba.

Yanzu in zan shafa mata mai, ina shimfiɗa wani ɗan ƙyalle tsakaninta da nafkin ɗin, tsohuwar rigar auduga ce na yayyanka, ba sai an saya ba.

Tsumman maikirofaiba ɗin da suka zo da shi, ni dai ban yaba ba. Yana sha da sauri, wannan gaskiya ne, amma kamar soso yake, da an danna shi sai ya amayar. Da yarinya ta fara zama, ko na ɗaure ta a jikina, sai in ji ɗumi. Kuma ba a barinsa ya taɓa fatar yaro kai tsaye don yana busar da fata, dole sai cikin aljihu. Abin da ya cece ni tsofaffin tawul ne da zanin gado na auduga, na yanka su murabba'i na kai aka bi bakin da keke, ina ninka ɗaya in sa a ƙarƙashin maikirofaibar, na sama ya cafke da sauri na ƙasa ya riƙe. Daga baya na ƙara guda shida na zaren gora, su sun fi riƙewa nesa ba kusa ba, sai dai kafin su bushe ki yi ta jira. Da zan sake saye, bawon kawai zan saya, wato rigar wajen mai maɓallan ba tsumma, in haɗa tsummana da kaina.

Abin dariya, wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wata mata a Amurka, Marion Donovan, ita ta gaji da wankin zanin gado a shekarun 1940 ta yanka labulen banɗaki ta ɗinka wa nafkin riga mai hana yoyo, ta sa maɓalli a maimakon fil. Pampers kuwa sai 1961 ya shigo kasuwa. Shi na yarwa sirrinsa wani gari ne a ciki da ke shan ruwa ninkin ba ninkin nauyinsa ya koma kamar jeli, shi ya sa yake kai yaro safe. Tsumma ba shi da wannan, komai tsadarsa, don haka duk awa biyu zuwa uku sai kin canza, in kin yi kasala yarinya ta biya da fatarta.

Shi ya sa da daddare na haƙura. Na gwada cusa tsumma uku, yarinya ta koma kamar an ɗaura mata filo, ƙafafu a wawware, kuma duk da haka wajen asuba katifa ta jiƙe. Yanzu pampas ɗaya nake sa mata da dare, da kuma in za mu yi doguwar fita. A wata ba na wuce 35 zuwa 40, inda da zalla nake amfani da shi da na doshi 180. Wannan bambancin shi ne duk dalilin da ya sa nake wannan dogon rubutun, don a watannin da muka fi shiga matsi, kuɗin nan da bai tafi shara ba shi ya dinga zama kuɗin mota zuwa rigakafi da kuɗin magani, akwai ma watan da shi ya cike kuɗin haya.

Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wankin nan ba wasa ba ne, kuma masu tallan ba sa faɗa. Duk kwana biyu nake yi, in ya kai uku warin da zai tashi daga bokitin nan sai ya sa ki hawaye, don fitsari in ya kwana biyu yana komawa amoniya. Da hannu nake yi, ba mu da injin wanki. Na farko ɗauraya da ruwan sanyi a fitar da fitsarin, sannan wanki na gaske da ruwa mai ɗumi da omo, sannan ɗauraya har sai kumfa ta ƙare, a ƙalla bokiti huɗu zuwa biyar ke tafiya. In ruwa sayensa kike yi ko daga nesa kike ɗebowa, ki zauna ki yi lissafi tukuna, don tana iya yiwuwa abin da kika tsira da shi a pampas ya zurare ta wajen ruwa da omo. Ni Allah ya taimake ni akwai famfo a gidan da muke. Tafasasshen ruwa kuma kar ki kuskura ki zuba wa bawon, ledar ciki ɓarewa take yi, zafin kar ya wuce digiri 60, ni guda ɗaya na kashe a haka, na ɗago shi ledar ta tattare kamar fatar madara. Tsummokaran su ba ruwansu, suna jure zafi.

Wata shidan farko da take nono zalla, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, kashin bai ba ni wahala ba ko kaɗan, ruwa kawai yake bi ya narke, ɗan rawayan tabon da ya rage kuma rana ke cinye shi, ki shanya da tabo ki kwashe fari tas, har yau abin na burge ni. Da ta fara cin abinci labari ya sha bamban. Sai kin kankare a masai kafin ki kai bokiti, kuma akwai ranakun da zan tsaya riƙe da abin nan ina tambayar kaina wa ma ya aike ni. Maigida da ya yi ta cika baki zai dinga taya ni, sau biyu ya yi, na ukun ya ce wai hannunsa na masa ƙaiƙayi. Shanya dai yana yi, a ba shi wannan. In kuma aka wuni ana ruwan sama kwana biyu a jere to kin shiga uku, ɗaki duk igiya, bawon yana bushewa da wuri amma tsumman gora sai ya kwana ya wuni da danshi, kuma ba a sa wa yaro mai danshi.

Maganar ƙuraje, mutane sun yi ta tsorata ni wai zai ci mata cinya. Sau biyu ta yi a wata 14. Na farko laifina ne, na bar shi ya daɗe, na bar ta ba komai tana shan iska kwana biyu ya wuce. Na biyun ja ne sosai da ƙananan ɗigo a gefe, har cikin lanƙwasar cinya, kwana uku bai ragu ba na kai ta asibiti, nas ta ce irin na funfuna ne ta rubuta man shafawa, ta ce in koma pampas har ya warke, in kuma wanke tsummokaran da ruwan zafi da ɗan bilic don kar ya dawo. Wani amfani da ban zata ba, da yake tsumma ba ya ɓoye lema, lokacin da nake ta fargabar ko nonona bai isar ta, ƙirgawa kawai nake yi, in ta jiƙa shida ko fiye a rana hankalina ya kwanta.

Ƙarko kuma sai in ce tsaka-tsaki. Cikin 20 ɗin, ɗaya ni na ƙona, biyu maɓallinsu ya fita tun wata na huɗu, ɗaya ɗinkin aljihun ya warware na maida da allura. Babbar matsalar robar cinya ce, wajen wata goma kusan rabinsu sun saki, ki ja ki sake ba ta komawa, sai yoyo ya dawo. Na farke gefen guda ɗaya don in ga yadda aka yi shi, ashe roba ce siririya kamar ta ɗan kamfai, na sayo mai kauri na zura da fil na ɗinke bakin, kowanne kamar minti ashirin, in yarinya ta yi barci ina yin biyu. Sun dawo har sun fi da. Araha ba ta ado dai an faɗa, amma yadin da ledar suna nan garau, kalar ce kawai ta ɗan koɗe. Sai kuma girmansa, yana sa ɗuwawu ya yi tulu, wandon da aka rubuta wata shida ba ya shigarta tana wata huɗu, sai na dinga sa mata na gaba da shekarunta ina naɗe ƙafar.

In taurari biyar ake bayarwa, uku da rabi zan ba shi, rabin da na cire na ƙaryar “daga haihuwa” ne, ɗayan na roba da tsumma. Ƙanwata tana da cikin wata biyar yanzu, ta ce za ta yi odar 24 lokaci guda, na ce mata ke dakata, ɗauki biyar cikin nawa idan lokaci ya yi ki gwada sati biyu ki ga yadda bayanki da ruwan gidanku za su ce, in ya karɓe ki sai ki ƙara. Ta ce ita masu hoton kifin take so. Su ne kuwa waɗanda ban gama canza wa roba ba, ga su can a kwando ƙarƙashin gado tun satin jiya.