Kwat ɗin Gogol ko Mutuwar Ivan Ilyich: da wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana sha'awar shiga adabin Rasha amma kaurin manyan littattafansu yana karya maka gwiwa, kuma an ba ka shawarar gajeru guda biyu, na Nikolai Gogol mai suna Shinel, wato kwat ɗin sanyi, da na Leo Tolstoy a kan mutuwar Ivan Ilyich, kana son sanin da wanne ya kamata ka fara. Wanda ya haɗa maka waɗannan biyun ya san abin da yake yi, domin kowannensu labarin ma'aikacin gwamnati ne wanda ya mutu, ofis kuwa ya ci gaba da harkokinsa kamar ba a taɓa yinsa ba, sai dai ɗaya ƙaramin akawu ne, ɗayan kuma babban alƙali. A fassarar Turanci za ka same su da sunan The Overcoat da The Death of Ivan Ilyich, 'yan'uwanmu masu karatu da Faransanci kuma su nemi Le Manteau da La Mort d'Ivan Ilitch.

Na Gogol ne ya riga fitowa, a 1842, kuma za ka iya gama shi a zama ɗaya. Akaky Akakievich Bashmachkin ya haura shekara hamsin da haihuwa, yana kwafar takardu a wata ma'aikata a birnin Sen Fitasbag, albashinsa kimanin rubul (kuɗin Rasha) 400 a shekara, kuma ba shi da wani abin so a duniya da ya wuce zana haruffa. Matasan ofis sun mai da shi abin wasa, har sukan yayyaga takarda su zuba masa a ka su ce dusar ƙanƙara ce, shi kuwa ba ya tankawa sai idan sun bugi hannunsa sun hana shi aiki, sannan ya ce su ƙyale shi, don me suke cutarsa. Da tsohon kwat ɗinsa ya mutu har tela Petrovich ya ce babu inda maho zai kama, sai ya zama dole ya ɗinka sabo a kan rubul 80. A nan ne Gogol ya fi zama ya tsefe zance: mutumin ya daina shan shayin dare, ya daina kunna kyandir, yana tafiya a kan titi da sanɗa don kada ƙasan takalminsa ya cinye, ya rage kai wanki, amma duk da yunwar da yake kwana da ita ransa ya yi fari, tamkar wanda aka sa wa ranar aure. Kwat ɗin da aka ɗinka, mai wuyan fatar kyanwa, wuni ɗaya kacal ya more shi, domin a daren ranar 'yan fashi suka tuɓe masa shi a wani fili sa'ad da yake dawowa daga liyafa.

Abin da ya kashe shi ba fashin ba ne kaɗai. Ya kai kukansa gaban wani babban jami'i wanda Gogol bai ba shi suna ba, shi kuwa, don ya nuna wa wani tsohon abokinsa da ya kawo masa ziyara irin ikon da yake da shi, sai ya daka masa tsawa a kan bai bi ta hannun na ƙasa ba, yana tambayarsa ko ya san gaban wa yake tsaye. Akaky ya fita cikin tsananin sanyi baki buɗe, zazzaɓi ya kwantar da shi, likita ya gaya wa mai gidan da yake haya ta sayo akwatin gawa mai arha. Ofis bai san ya rasu ba sai bayan kwanaki da binne shi, washegari kuma wani ya zauna a kujerarsa. Daga nan labarin ya juya zuwa fatalwa mai fizge kwat daga kafaɗun mutane da dare, har ta kai ga wancan jami'in.

Na Tolstoy ya fito a 1886, shekara 44 bayan na Gogol, babi 12 ne, kuma ya fi tsawo, don haka ka ware masa dare biyu ko uku. Tolstoy ya fara ne daga ƙarshe. Abokan aikin Ivan Ilyich Golovin sun ga sanarwar rasuwarsa a jarida, yana da shekara 45, kuma tunanin farko da ya zo wa kowannensu shi ne wa zai gaji kujerar, wa zai sami ƙarin girma, har ɗayansu yana lissafin yadda zai dawo da ɗan'uwan matarsa daga garin Kaluga inda yake aiki. Wannan mutumin ya je ta'aziyya hankalinsa yana kan kartar da za a buga da yamma, matar mamacin kuma ta ja shi gefe tana tambayar yadda za ta karɓi kuɗi mai yawa daga baitulmali. Sai bayan wannan ne aka koma ga rayuwar Ivan tun daga farko, rayuwar mutumin da bai yi sata ba, bai yi abin kunya ba, ya yi karatu, ya yi auren da ya dace da matsayinsa, ya kai ga muƙami mai albashin rubul 5,000. Yana kan tsani yana nuna wa ma'aikaci yadda yake son a rataye labulen sabon gidansa sai ya zame ya bugi kwiɓinsa, ya yi dariya ya wuce, bayan ɗan lokaci kuma ciwon da zai tafi da shi ya fara.

Idan ka jera su biyun za ka lura da abin da ya fi ba ni mamaki: Ivan Ilyich ya fi kama da jami'in da ya daka wa Akaky tsawa fiye da yadda yake kama da Akaky. Mutum ne da ya ƙware wajen raba shari'a da mutumin da ke cikinta, ya dubi takarda ya bar mai takarda. Da ya je gaban babban likita, sai aka yi masa daidai abin da ya saba yi wa waɗanda ake tuhuma: shi yana tambaya ko ciwon mai hatsari ne, likita yana auna ko ƙoda ce ko hanji, yana masa kallon wanda ya yi tambayar da ba ta cikin tsari. Gogol ya tsayar da mai karatu a gefe yana kallon wani bawan Allah da ake takewa, har ya tuna masinja ko mai gadin da yake wucewa kullum ba tare da ya san sunansa ba. Tolstoy kuwa ya kwantar da mai karatu a kan gadon jinyar, domin Ivan ya san tun yana makaranta cewa kowane ɗan Adam mamaci ne, amma bai taɓa ɗauka cewa maganar ta haɗa da shi ba.

Haka nan sun bambanta a kan jinƙai. A wajen Gogol ɗan kaɗan ne, wani matashin akawu ne da ya ji kalaman Akaky suka soke shi, ya ji kamar ana ce masa ni ɗan'uwanka ne, ya daina shiga cikin masu tsokana. A wajen Tolstoy akwai Gerasim, yaron gida ɗan ƙauye, wanda yake kwashe bayan gidan maigidansa ba tare da ƙyama ba, yake ɗora ƙafafunsa a kan kafaɗunsa har tsakar dare saboda hakan na rage masa zafi. Shi kaɗai ne a gidan ba ya yi masa ƙaryar cewa zai warke. Duk wanda ya taɓa jinyar mahaifi ko mahaifiya zai karanta waɗannan shafuka da nauyin zuciya, kuma saboda haka nake cewa idan kana da majinyaci a gida ko kuna cikin zaman makoki, ka jinkirta wannan littafin.

Akwai batun fassara, kuma a nan Tolstoy ya fi sauƙi. Harshensa a wannan littafi miƙaƙƙe ne, ba ya rasa abu mai yawa idan an juya shi, kuma tsohuwar fassarar Turanci ta Louise da Aylmer Maude, waɗanda suka san Tolstoy ido da ido, tana nan kyauta a intanet. Gogol kuwa mai ba da labarinsa yana kewaye-kewaye, ya ɗauko zance ya ajiye, ya yi raha da sunaye da muƙamai, kuma wani ɓangare na daɗin yana cikin Rashancin kansa. Kada shafukan farko, inda ake dogon bayanin yadda aka raɗa wa Akaky suna, su sa ka ajiye shi.

Shawarata ita ce ka fara da Gogol, sannan kada ka bari mako ya wuce ba ka ɗauki Tolstoy ba, domin idan tsawar wancan jami'in tana cikin kunnenka za ka fi gane wane ne Ivan Ilyich kafin ciwo ya kama shi. Idan kuwa guda ɗaya kawai lokaci zai ba ka, to ka ɗauki na Tolstoy. Bayan su ka nemi Anton Chekhov, wanda likita ne, musamman labarinsa na 1892 a kan ɗaki na shida na wani asibitin lardi inda ake tsare masu taɓin hankali. Sannan akwai Hadji Murat na Tolstoy, wanda aka buga a 1912 bayan rasuwarsa, a kan wani jarumin Musulmi na tsaunukan Kafkas da ya saɓa da Imam Shamil, jagoran Musulmin yankin masu yaƙi da Rasha, ya koma wajen Rashawa a 1851 alhali iyalinsa suna hannun Shamil.