Katin gigabit 10 a shagon bidiyona, da yaron da ya saita mini shi

Wata huɗu ke nan da na saka katunan gigabit 10, masu haɗa kwamfuta da kwamfuta ta waya, a kwamfutocin shagona na Zango, kuma abokan sana'a sun ishe ni da tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ga abin da na gani da idona.

Aikina ɗaukar bidiyon biki da suna, sai hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram in an samu mai biya. Da kyamara uku muke fita, kowace tana ɗaukar 4K a kan megabit 100 cikin daƙiƙa, wato gigabayit 45 a awa guda. Bikin da aka shafe awa huɗu ana ɗauka, da gigabayit 540 za mu dawo. Duka a kwamfuta ɗaya muke zubawa, wadda muke kira rumbu, daga nan yarana biyu masu haɗa hoto ke jawowa zuwa nasu. A tsohuwar wayarmu ta gigabit 1 ba ma wuce megabayit 110 a daƙiƙa, kwafe biki guda sai ya ci awa ɗaya da minti 20. A dafa shayi, a sha na fari, a sha na biyu, layin nan kore bai kai rabi ba, uwar amarya kuwa tana ta kira.

Wani yaro da ya gama jami'ar nan ta Damagaram, mai ɗan shagon gyara a kusa da Kasuwar Dole, shi ya ba ni shawarar Intel X520. Tsohon kati ne, ƙwaƙwalwar da ke kansa, 82599, tun 2009 ta fito, kuma irin waɗanda ake cirowa daga manyan sabar, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, da aka daina aiki da su ne ke zuwa mana ta Kano. Na sayi uku, mai baki biyu na rumbu da masu baki ɗaya na kwamfutocin haɗa hoto, kowane jikka 30, sai waya biyu masu kaurin yatsa da ake kira DAC, ɗaya mita 3 ɗaya mita 5, kan ƙarfensu haɗe da su tun daga masana'anta. Ba mu sayi na'urar rarrabawa ba, kowace kwamfuta kai tsaye take shiga bakinta a rumbu. Ni na so X540, mai cin irin wayar intanet da muka saba da ita, ya ce, "Yaya, wannan ya fi cin wuta, ya fi yin zafi. Ka tuna watan Afrilu a ɗakin nan." Na tuna, na yi shiru.

Da kaina na fara sakawa, don ganin ƙyashin biyan kuɗin aiki. Windows 10 ta gane katin, Ubuntu, wato irin manhajar Linux da ke kan rumbu, ma ta ɗauko direbansa, ixgbe, ba tare da na taɓa komai ba. Direba a nan ba mai tuƙa mota ba ne, ƴar manhaja ce da ke tsakanin kati da kwamfuta. Fitila ta kama, allo ya rubuta gigabit 10, na kira yara su zo su ga abin mamaki. Na ja fayil, ya tashi da gudu na ƴan daƙiƙu, sannan ya zauna a megabayit 170. Babu wanda ya ce uffan, ƙaramin cikinsu dai ya juya baya yana gyara hula.

Washegari bayan azahar yaron ya zo a kabu-kabu, da ƴar jaka da burushin fenti. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa saiti ko ɗaya ba sai da ya auna. Ya kunna iperf3 a ɓangarorin biyu, manhajar da ke tura bayanai daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba tare da ta bi ta faifai ba, don a ga ƙarfin hanyar ita kaɗai. Gigabit 3 da ɗoriya ta nuna. Ya buga lspci, umarnin da ke jero katunan da ke cikin kwamfuta, ya sa yatsa a wani layi, ya ce, "Yaya, a wane rami ka saka shi?" Na nuna masa dogon ramin da ke ƙasa. Ashe tsawonsa na banza ne: a ido yana ɗaukar layi 16, amma layi ɗaya tak aka haɗa masa a jikin allon. Katin nan PCIe na biyu ne, wato tsarin ramukan da kati ke shiga a jikin allo, layi 8 yake so, kowane layi kuma gigabit 4 ne iyakarsa kafin a cire na hidimar hanya. Direban ma ya rubuta gargaɗin haka tun lokacin da kwamfutar ke tashi, ni ne ban san inda ake dubawa ba. Ya zare tsohon katin hoto da ya mamaye ramin sama, tunda rumbu ba ya bukatarsa, ya share ƙurar hunturu da burushi, ya goge haƙoran katin, ya mayar can. Nan take aka haura gigabit 7. Sukurudireba kaɗai ta yi wannan, ba a rubuta harafi ɗaya ba.

Daga nan ne aka shiga saitin direba na gaske, kuma nan ne na ja kujera na zauna kusa da shi. Ya duba lissafin da katin ke ajiyewa da wata manhaja mai suna ethtool, ya ga dubban ƙullin bayanai da suka iso aka rasa inda za a sa su, aka zubar. Yadda ya kwatanta mini: kati na da jerin kwanduna da yake zuba abin da ya iso kafin furosesa ta zo ta kwashe, kuma daga masana'anta 512 ake ba shi. In kaya suka zo da ƙarfi mai kwasa na can yana wani aiki, kwanduna sun cika, saura ya zube, sai an sake aikowa. Ya ɗaga su zuwa 4096 a Ubuntu, ya shiga shafin saitin katin a Windows ya yi haka nan. Ya sake aunawa, lissafin asarar ya tsaya cik.

Akwai kuma zancen yawan ƙwanƙwasa. Duk lokacin da kaya suka iso, kati kan taɓa furosesa ta zo ta ɗauka. A girman ƙulli na yau da kullum, bayit 1500, gigabit 10 na nufin ƙulli sama da dubu 800 a daƙiƙa guda, to in za a ƙwanƙwasa wa kowane ƙofa, furosesa ba za ta yi wani aiki ba sai amsa sallama. Shi ya sa direba ke tara su ya kira sau ɗaya. Ya gwada kashe wannan tarawar don in gani, aikin furosesa ya yi sama, gudu bai ƙaru ba, ya mayar da shi yadda direban ke daidaita kansa. Ya ce masu kashewa su ne waɗanda jinkirin ƙiftawar ido ke sa su asara, ba mai kwafe bidiyon kamu ba. A Windows ya tabbatar RSS na kunne, don a raba kayan ga sassan furosesa maimakon a jibga wa ɗaya, ya hana ta rage wa ramin PCIe wuta da sunan tattali. Da wannan muka kai gigabit 9.4.

Manyan ƙulli, waɗanda kowa ke zuzutawa, su ne na ƙarshe. Ya sa girman ƙulli bayit 9000 a Ubuntu, 9014 a Windows. Na ce ya yi kuskure, lambobin ba ɗaya ba ne. Ya yi murmushi ya ce Windows tana haɗawa da bayit 14 na kan ƙullin ne, abu ɗaya suke faɗa. Ya gwada da ping, wato saƙon gwaji, mai bayit 8972 wanda aka hana tsagawa, ya wuce lafiya. Gudu ya tashi daga 9.4 zuwa 9.8, furosesa ta ɗan sami sauƙi. Shi ke nan ribar. Da a ce na san iyakarta ke nan, da ban kwana biyu ina karance-karance a kai ba.

Na zo masa da wani dogon jerin saiti da na kwafo, na ƙara girman ma'ajiyar TCP, ƙa'idar da bayanai ke bi tsakanin kwamfutoci, zuwa ɗaruruwan megabayit. Ya karanta, ya miƙo mini wayata. Ya ce waɗannan na masu aika bayanai tsakanin nahiya da nahiya ne, inda saƙo ke daɗewa a hanya. A wayar mita 3, abin da ke cikin hanya a kowane lokaci bai kai megabayit ɗaya ba, Linux kuwa da kanta tana iya buɗawa har megabayit 6. Bai saka ko layi ɗaya ba. Da wani mai gyaran ne, da ya zuba mini duka don in ga an sha wahala.

Sai muka koma ga fayil na gaske, ya sake zama a megabayit 170. A nan gwiwata ta yi sanyi. Ya ce hanya ta buɗe, jakin ne ba ya sauri: faifai mai juyawa iyakarsa ke nan, gudun farkon da na gani kuma ma'ajiyar wucin gadi ce ke cika kafin gaskiya ta fito. SSD na SATA ma, faifan da ba ya juyawa, bai wuce 550. Dole na ƙara kuɗi na sayi NVMe, irin SSD da ya fi sauri, mai terabayit 2 na rumbu don aikin da ake kai, da ɗaya-ɗaya a kwamfutocin yara, manyan faifan suka koma ajiyar tsofaffin bukukuwa. Wannan ya fi katunan tsada nesa ba kusa ba, kuma laifinsa na farko ke nan a wurina: ya san haka tun ranar da ya ba ni shawara, bai faɗa ba sai da na riga na shiga ruwa. Yanzu dai kusan megabayit 950 muke samu, biki guda minti 10, yawanci ma yaran ba sa kwafewa, kai tsaye suke aiki daga rumbu.

Laifi na biyu ya fi ciwo. Kwana shida da gama aiki aka ɗauke kuran da dare, batir ya ƙare, rumbu ya mutu. Da safe ya tashi lafiya, amma kwamfutocin yara ba sa ganinsa sam, ga faifan da na yi alkawarin bayarwa kafin magariba. Na kira shi ya fi sau goma, waya na shiga ba a ɗauka. Muka koma jigila da ƙaramin faifai daga tebur zuwa tebur kamar shekarun baya. Sai washegari bayan la'asar ya bayyana, wai sun je bikin suna a Mirriya. Abin da ya faru, adireshin katin da girman ƙulli da yawan kwanduna duk da hannu ya buga su lokacin gwaji, irin wannan kuwa Linux ba ta riƙe shi in an kashe. Ya manta bai rubuta su a netplan, inda Ubuntu ke ajiye saitin hanya, da fayil ɗin da ake karantawa lokacin tashi ba. Bai yi gardama ba, ya ce, "Yaya, wannan nawa ne, ka yi haƙuri." Ya gyara cikin minti 15, na sa ya kashe ya kunna sau uku a gabana, sannan na ba shi takarda da biro ya rubuta kowane saiti, na manna a jikin akwatin.

Zafi kuma, katin an yi shi ne don sabar da iska ke ratsawa da ƙarfi, babu fanka a jikinsa. A akwatinmu in ka taɓa ƙarfen kansa da rana ba ka iya barin yatsa. Ya ɗaura ƴar fanka mai santimita 8 da igiyar roba tana hura shi, jikka 2. Duk ranar Juma'a da safe ƙaramin yaron ke buɗe akwatin ya busa ƙura.

Jikka 15 ya karɓa na aikin duka, na kuma tura masa mutum biyu tun daga lokacin, da sharaɗin su kashe kwamfutar su kunna kafin su biya shi. Ɗaya daga cikinsu ya dawo yana ƙorafi wai Facebook ɗinsa bai ƙara sauri ba. Na ce masa katin nan tsakanin ɗakinka da ɗakinka yake aiki, intanet kuwa yadda ta shigo garin nan haka za ka same ta.