Ta Bayan Kunne ko Ta Cikin Kunne: Wace Na'urar Ƙara Ji Ta Dace da Dattijo?

Wata 'yar'uwa a cikinmu ta yi tambaya game da mahaifinta, wanda ya haura shekara 70, aka auna jinsa aka tarar ya ragu a kunnuwa biyu, raguwa matsakaiciya. An nuna musu na'urori iri biyu, mai zama a bayan kunne da ƙarama wadda ake cusawa cikin ramin kunne. Shi Baba ya fi karkata ga ƙaramar domin ba ya son a gan shi da wani abu a kunne, ita kuwa tana shakka, saboda hannunsa yana ɗan rawa kuma idonsa ba kamar da ba. Ta nemi a kwatanta mata su.

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Aikin na'urorin biyu ɗaya ne: makirfo ya ɗauki sauti, wata 'yar kwamfuta ta gyara shi daidai da abin da kunnen ya rasa, sannan ƙaramar sifika ta tura shi wajen dodon kunne. Bambancin yana wurin da aka ajiye waɗannan kayan. A ta bayan kunne, batir da makirfo suna cikin ɗan kwanson da ke rataye a bayan kunne, sauti kuma yana shiga ta bututu, ko kuma ta siririyar waya mai ɗauke da sifikar a bakinta. A ta cikin kunne, an dunƙule komai a kwanso guda wanda aka ƙera bisa siffar kunnen mai ita. Manyan kamfanoni irin su Phonak, Oticon, Widex da Starkey duk suna yin iri biyun, don haka sunan kamfani ba zai raba miki gardama ba.

Takardar gwajin ji ita ce abin dubawa na farko. A rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, raguwar da ta kama daga desibel 35 zuwa 49 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) matsakaiciya ce, wadda ta kai 65 kuma ta yi tsanani. A matakin da Baba yake, kowace daga cikin biyun tana iya ɗaukar nauyinsa yau. Sai dai raguwar ji ta tsufa ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana ƙaruwa sannu a hankali, kuma a nan ta bayan kunne ta fi sarari. Idan mai siririyar waya ce, ana iya cire sifikar a sa wadda ta fi ta ƙarfi ba tare da an sayi sabuwar na'ura ba, alhali ƙaramar ta ciki idan ta kai iyakar ƙarfinta, shi ke nan, sai a sake wata.

Akwai kuma yanayin raguwar kanta, wanda mutane ba su cika tambaya a kai ba. Tsufa yakan fara cinye sautuka sirara, irin su s, sh, f da ts, ya bar masu kauri kusan yadda suke. Shi ya sa dattijo zai ce yana jin ana magana amma ba ya gane abin da ake faɗa, a ce "sata" ya ji "fata". Wanda ke cikin wannan hali, idan aka toshe masa ramin kunne gaba ɗaya, kamar yadda ƙaramar na'urar takan yi, sai ya riƙa jin muryarsa tana amsa kuwwa a cikin kansa tamkar yana magana cikin ganga, ko tauna ya yi sai ya ji ta kamar ana daka. Kina iya gwadawa yanzu: ki toshe kunnuwanki da yatsu ki yi magana. Masu ƙerawa suna huda ƙaramar kafa a jikin kwanson don rage wannan, amma wurin ƙanƙane ne, kafar ba ta iya yin faɗi. Ta bayan kunne kuwa ana iya sa mata kan roba mai ramuka, wanda ke barin iska da sautuka masu kauri su shiga yadda suka saba, na'urar ta ƙara siraran kawai. Mutane da yawa da suka jefa na'urarsu cikin akwati bayan mako biyu, wannan amsa-kuwwar ce ta kore su.

Batun hannu shi ne ya fi damuna a tambayarki, kuma ina ganin shakkarki tana kan hanya. Mafi ƙanƙantar na'urorin cikin kunne suna amfani da batir mai lamba 10, wanda faɗinsa bai kai milimita 6 ba, kuma yakan ƙare cikin 'yan kwanaki, galibi bai wuce mako ba. Na taɓa zama kusa da wani dattijo yana canza irin wannan batir. Ya ɓare 'yar takardar rawaya da ke manne a bayansa, ya jira minti guda iska ta shiga, domin sai da iska yake fara aiki, ya ɗauke shi da yatsu biyu, sai ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera. Mun yi ta lalube da tocila, kuma dole ne a nemo shi, saboda akwai yaro mai rarrafe a ɗakin, haɗiye irin wannan batir kuwa babban haɗari ne. Ki ƙiyasta wannan aiki sau ɗaya ko biyu a mako, a kunnuwa biyu, da hannu mai rawa. Yawancin na bayan kunne na yanzu masu caji ne, a ɗora su kan mazauninsu da dare, da safe a ɗauka su wuni suna aiki. Ana samun masu caji a na cikin kunne ma, amma galibi a manyansu ne, waɗanda suka cika kwarin kunne, kuma su ɗin ana ganinsu sarai. Gaskiya ɗaya da zan faɗa don kada in tauye wa ta cikin haƙƙinta ita ce, babbarta ta fi sauƙin sakawa, tunda abu guda ne ake turawa, ita kuwa ta baya sai an rataya kwanson sannan a cusa kan robar. Idan Baba ya kasa wannan bayan an koya masa, babbar ta ciki ce mafita, ba ƙaramar ba.

Wajen hayaniya ma girma yana da rana. Ta bayan kunne tana da makirfo biyu, waɗanda ke taimaka mata ta fifita muryar wanda ke gaba ta rage ta bayan mutum, kuma kusan dukkansu suna haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth. Mafi ƙanƙantar ta ciki makirfo ɗaya gare ta, sau da yawa kuma ba ta haɗuwa da waya. Abin da ta fi da shi shi ne, da yake tana can ciki, iska ba ta cika yi mata huci ba, kara waya a kunne yana zuwa daidai, kuma ba ta rigima da ƙafar tabarau. Idan Baba yana sa tabarau, a je da shi ranar gwaji a ga yadda za su zauna tare; yawanci suna zama lafiya.

Dattin kunne da danshi su ne abokan gaban kowace, amma ta ciki ta fi shan wahala domin duk jikinta yana cikin zafi da laima tun safe har dare. Idan ta lalace, yawanci sai an mayar wa kamfani, Baba ya zauna kwanaki babu ji. Mai siririyar waya ita ma sifikarta takan toshe, sai dai ana canza 'yar matatar datti a gida, ko a canza wayar gaba ɗaya cikin 'yan mintuna a wurin mai gwajin. Gumi yana taɓa ta baya, don haka a riƙa goge ta da busasshen ƙyalle kowane dare.

Saura kunyar Baba, wadda bai kamata a yi wasa da ita ba, domin na'urar da mai ita ya ƙi sakawa ba ta da amfani komai kyanta. Mai yiwuwa hoton da ke ransa na tsofaffin na'urori ne masu kauri da fito. Mai siririyar waya ta yanzu, wanda ke fuskantarsa da ƙyar zai lura da ita, kuma ana zaɓar launin da ya yi kusa da fata ko gashi. Ki sa a saka masa ya dubi madubi da kansa, hakan ya fi duk bayanin da za ki yi masa.

Da ni ne, ta bayan kunne mai siririyar waya kuma mai caji zan zaɓa wa Baba, guda biyu, tunda kunnuwa biyun ne suka ragu. Kafin ku biya, ki tambayi ko akwai wa'adin gwaji da za a iya mayarwa, da tsawon garanti, da ko kuɗin ya haɗa da komawa a daidaita sauti, domin saitin farko ba kasafai yake zama na ƙarshe ba. Ki nemi a auna sautin da na'urar ke fitarwa tana cikin kunnensa, da wani siririn bututu da ake sawa kusa da dodon kunne. A makonnin farko zai yi ƙorafin ƙarar takarda da zubar ruwa da takun ƙafa, sautukan da ya yi shekaru bai ji ba. A bar shi ya fara da 'yan awoyi a wuri shiru yana ƙarawa kullum. Idan kuwa kunne ya fara ciwo ko zubar ruwa, ko jin ɗaya ya faɗi farat ɗaya, a cire na'urar a kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a ranar.