Katin Sau Ya Ci Kuɗinsa, Amma Sai An Zauna da Yaro

Ɗan ƙaramin kwali ne, cikinsa kati 144, daga ɗaya sau ɗaya har sha biyu sau sha biyu. Tambaya a gaba, amsa a baya. A wani shagon littattafai da ke Sabon Gari a Kano na saye shi, saboda 'yata da ke aji huɗu na firamare.

Ita dai ba hadda ce ta gagare ta ba. Jadawalin nan da ke bayan littafin rubutu tana rera shi tiryan-tiryan, daga gidan biyu har gidan sha biyu. Amma tsare ta ka ce, "Bakwai sau takwas?" Sai ka ga leɓe na motsi, ta koma bakwai sau ɗaya tana hawowa a hankali, kafin ta iso 56 har ka manta ka yi tambaya. Haka ake koya musu, aji duka a ɗauka da murya ɗaya, malami na buga tebur da rula. Ban raina wannan ba, da shi muka tashi. Sai dai ko a musabaƙa, mahaddacin gaske shi ne wanda za a ja wa baƙi daga tsakiyar sura ya ɗauka. To, aikin katin nan ke nan, jan baƙi.

Bayan isha'i muke shimfiɗa tabarma. In cakuɗa katin, in jefa ɗaya tsakiya, wanda ya riga faɗar amsa ya ɗauke. Wanda ya yi kuskure kuma ya dawo da ɗaya daga cikin waɗanda ya ci. Yayanta na ƙaramar sakandare, don haka doka ta hau kansa: sai ya ƙirga uku kafin ya buɗe baki. Mai kati mafi yawa shi ke da ƙullin gyaɗa. Ranar da ta fara kayar da shi, har maƙwabta sai da suka ji ihu, shi kuwa ya dage wai Umma ce ke jefa mata masu sauƙi.

Kada a zube wa yaro katin duka a gabansa, zai karaya. Shida sau bakwai da bakwai sau shida abu ɗaya ne, 42, kuma da ka ware irin waɗannan tagwayen saura 78. Cire gidan ɗaya da na goma da na biyu da na biyar da na sha ɗaya, waɗanda yawanci ba sa ba yara wuya, sai ka ga 28 kacal suka rage a hannunka. A nan aikin yake, musamman inda shida da bakwai da takwas suka haɗu. Gidan tara kuwa yatsu sun isa: a tara sau bakwai, ware yatsu goma, lanƙwasa na bakwai daga hagu, shida a hagu uku a dama, 63. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba, ga ta da Turanci zalla.

Auta na aji biyu, shi katin bai yi masa komai ba, don bai san me "sau" ke nufi ba tukuna. Kiret ɗin ƙwai na ɗauko masa, layi biyar kowanne gurbi shida, ya bi da yatsa ya ƙirga talatin. Daga nan muka koma murafen lemo, yana jera su huɗu-huɗu a ƙasa. Duk yaron da bai wuce wannan matakin ba, a ajiye masa katin sai gaba.

Inda masu buga shi suka yi ƙwauro shi ne takarda. Ba ta da kauri ko kaɗan, idan fitilar caji na bayanka amsar na fitowa ɓaro-ɓaro ta gaba. Yayan ne ya gano haka, ya yi shiru yana ta cin gyaɗa kafin asirinsa ya tonu. Jiƙaƙƙen hannu ya taɓa kati, ya kumbura. Kwalin ma bai daɗe ba ya yage, yanzu da robar ɗaure kuɗi nake haɗa su.

Wanda zai saya ya buɗe a shagon, ya ɗaga ɗaya ya haska da fitilar waya, in lamba ta fito ya nemi mai kauri. Wanda kuma aljihu bai ba shi ba, kwalin taliya da almakashi da alƙalamin maka za su yi, ya rubuta guda 28 ɗin nan kawai ya fara da su.